Daren da kebul ya zare mini a kulob

Wata uku na yi ina atisaye a ɗaki kafin in yarda in hau dandamalin kulob da kwamfutata da Launchpad, wata na'urar sarrafa kiɗa da ake jonawa da kwamfuta. Maɓallai 64 ne a kanta, kowanne na ɗora masa guntun kiɗa a cikin manhajar haɗa kiɗa ta Ableton Live: nan ganguna, nan bes (sauti mai kauri), can muryoyi. A ɗaki kam, ko da ido a rufe sai in buga.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne kunne. Manyan lasifikan suna fuskantar masu rawa ne, ni ina bayansu, sai amon da ya bugi bango ya dawo nake ji. Sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka bangon da ke nesa da mita goma yakan dawo maka da shi bayan milisakan kusan 60, wato kashi 60 cikin dubu na daƙiƙa. A kiɗan da ke gudun bugu 124 a minti, wannan ya isa ya sa hannunka ya riƙa bin baya. Ni kuwa kwamfuta na yi ta zargi, baiwar Allah. Mai kula da sauti ne ya zo ya juyo mini da ƙaramar lasifika, ya ce, "Malam, wannan za ka saurara, ka rabu da ta jama'a."

Ina fara samun nutsuwa ke nan sai fitilun maɓallan suka mutu gaba ɗaya. Ashe rugugin bes ne ya yi ta girgiza tebur har kebul ɗin USB ya zare. Kiɗan bai tsaya ba, domin kwamfutar ce ke juya shi, amma na rasa ikon canza komai. Guntu ɗaya ya yi ta maimaita kansa, ni ina lalube cikin duhu, zufa na keto mini.

Da na ɗago kai, sai na ga fili ya fi cika. Duk daren ina ta sauye-sauye don a san ina aiki, ashe hana mutane kama rawa nake yi.

Yanzu nakan manne kebul da salatif, in jona wayata a wani layin mikisa, wato na'urar da ke haɗa sautuka, da kiɗa a shirye saboda ko-ta-kwana. In na saki guntu kuma, sai na ƙirga bugu 64 a raina kafin in sake taɓa wani maɓalli.