Yadda muka bi sawun dalma da taswirar kwamfuta a tsohon filin harbi

Filin tsohon wurin koyon harbi ne na soja a wani ƙauyen Jigawa, an daina amfani da shi, ana shirin mayar wa manoma. Abin tsoro a irin wannan wuri shi ne dalma. Yawancin harsashin bindiga cikinsa dalma ce, kuma kusan duk wanda aka harba yana ƙarewa ne a tudun ƙasar da ake tarawa bayan abin saiti. Ruwa da rana suna cin ta shekara da shekaru har ta zama gari, ta gauraye da ƙasa. Duk wanda ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dakan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ya san wannan ba abin wasa ba ne.

Ba mu sa ƙafa a filin ba sai da sojoji masu kwance bam suka bincike shi suka ba da izni a rubuce. Ko bayan haka, ƙarfen da ba ka gane ba kada ka taɓa. Ka kafa jan tsumma daga nesa, ka ɗauki lambar GPS ta wurin, ka kira su.

Mun fara da tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth Pro, inda inuwar tudun ta fito sarai. Daga nan muka koma manhajar zana taswira ta QGIS, wadda kyauta ce, muka saita aikin a kan WGS84, ma'aunin wurare da GPS ke amfani da shi, shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM mai raba duniya shiyya-shiyya, wadda Kano da Jigawa suke ciki. A nan muka fara tuntuɓe. Tsohuwar taswirar takarda da aka ba mu an zana ta ne bisa ma'aunin Minna, tsohon ma'aunin taswirorin Najeriya wanda ya bambanta da WGS84, mu kuwa muka ɗora ta kai tsaye, sai tudun ya goce da gomman mitoci ya faɗa gonar gero. Maganinsa shi ne a gaya wa manhajar ma'aunin kowace taswira, sannan a gwada da abin da ba ya motsi, kamar kwalbati ko rijiyar siminti.

Muka yanka filin gida-gida kamar dara: mita 20 a fili, mita 5 a jikin tudu. GPS ɗin waya yana kuskuren mita 3 zuwa 5, don haka a ƙananan gidajen tef da turaku muka yi amfani da su. A kowane gida ana ɗiban ƙasa wuri biyar, zurfin santimita 5, a gauraya, a shanya, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, a zuba a leda, a ɗora XRF, na'urar hannu mai auna yawan dalma a ƙasa, na minti ɗaya. Sakamakon yana shiga fom ɗin manhajar waya ta KoboCollect, wanda ke aiki ko babu sabis. Abu biyu ke ruɗar na'urar: ƙasa mai danshi tana nuna ƙasa da gaskiya, ɓarɓashin harsashi guda kuma yana iya cilla lambar sama. Shi ya sa muke maimaita awo, muna kuma aika ɗaya cikin goma ɗakin gwaji.

Launi uku muka sa. Kore ga abin da bai kai miligiram 400 a kilon ƙasa ba, ɗorawa zuwa 1000, ja daga nan zuwa sama. Hukumar muhalli ta Amurka ta sauke ma'auninta na wuraren zama daga 400 zuwa 200 a 2024, kuma inda yara ke wasa ni da wannan nake aiki. Manhaja tana shafa launi tsakanin wuraren da aka auna, ta yi kyau a ido, amma hasashe ne. Kullum mukan bar ɗigon awo na gaskiya a kan launin, don mai dubawa ya ga inda aka taka da inda aka ƙiyasta.

Babban giɓin taswirarmu a ƙofar gidan mai gari ya bayyana. Mun buga ta a babbar takarda mun shimfiɗa a tabarma, sai wani dattijo ya ɗora yatsa a kan jan wurin ya ce: "Ranka ya daɗe, ai ƙasar nan tana cikin gari. Da ita aka yi tubalin gidaje da dama, don ta fi yashinmu kamawa." Daga nan magana ta buɗe. Yara suna tsince harsashi bayan ruwan sama su sayar wa 'yan gwangwan. Akwai gindin tsamiyar da ake narka dalma ana yi wa komar kamun kifi nauyi. Ruwan da ke gangarowa daga tudun yana bin burtali ya zube a kududdufin da shanu ke sha, abin da bayanan tsawon ƙasa na tauraro masu mita 30 ba su nuna ba, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Dole muka ƙara awo a tsakar gidaje, musamman ƙasan katangar da damina ke zaftarewa, inda jarirai ke rarrafe. Mata muka ɗauka suka shiga gidajen da waya da ledoji.

Daga taswirar aka fitar da lissafin kwasa. Kadada ɗaya a zurfin santimita 5 ƙasa ce kubik mita 500 (tsawo sau faɗi sau zurfi), wato sawu 50 na tifa mai ɗaukar kubik mita 10. Tudun kansa ya fi haka zurfi, sai an auna a santimita 15 da 30 da 60. Ana yayyafa ruwa kafin shebur ya taɓa ƙasa, ba a kuma yin aikin ranar da iskar hunturu ke kaɗawa. Ramin binnewa ya yi nesa da rijiya da fadama, a shimfiɗa masa leda mai kauri. Bayan kwasa a sake auna kowane gidan dara na filin kafin a zuba sabuwar ƙasa, ita ma sai an auna ta.

Lambobin kusurwoyin ramin suna kan taswira ta ƙarshe, an kuma kafa ginshiƙin siminti a kowace kusurwa. Kwafe ɗaya na takarda yana hannun mai gari, ɗaya a ofishin ƙaramar hukuma, domin wanda zai zo haƙa rijiya ko ɗibar ƙasar gini wajensu zai fara tambaya.