The Wailers kafin su koma Bob Marley da 'yan amshinsa

Da yawa daga cikin masu sauraron Bob Marley a ƙasar Hausa, ko a kaset suka fara jin sa ko a wayar hannu, ta kundi guda suka san shi, wato Legend, wanda kamfanin Island ya tattara ya fitar a 1984, shekara uku bayan mutuwarsa. Waƙoƙi 14 ne a cikin faifan na asali, kuma uku kacal daga cikinsu aka ɗauka a lokacin da The Wailers ke ƙungiya ta mawaƙa uku masu matsayi ɗaya, wato Bob Marley da Peter Tosh da Bunny Livingston wanda aka fi sani da Bunny Wailer. Ukun su ne "Stir It Up" da "Get Up, Stand Up" da "I Shot the Sheriff", dukkansu daga fayafayen 1973. Ko waƙa ɗaya babu daga abin da suka ɗauka a Jamaika cikin kusan shekara goma kafin wannan lokaci. Saboda haka mutumin da bai wuce Legend ba yana yanke hukunci ne a kan ƙungiyar da bai ji rabin tarihinta ba, kuma a ganina rabin da bai ji ba ya fi wanda ya ji daraja ta fuskar rera waƙa da kuma ƙirƙirarta.

A unguwar Trench Town ta birnin Kingston samarin suka haɗu, inda wani mawaƙi da ya girme su mai suna Joe Higgs yake tara matasa a tsakar gidansa yana koya musu yadda ake haɗa muryoyi da yadda ake riƙe numfashi. A 1963 suka isa wurin Clement Dodd, wanda ake yi wa laƙabi da Coxsone, mai sutudiyon Studio One, kuma waƙarsu "Simmer Down", wadda ke jan kunnen 'yan daban Kingston, ta hau saman jerin waƙoƙin Jamaika a farkon 1964, ƙasar ba ta cika shekara biyu da samun 'yancin kai ba. Kundinsu na farko, The Wailing Wailers, tarin waƙoƙin wannan zamani ne na kiɗan ska, mai sauri da yawan bushe-bushe. Ba zan ce shi ne gwanin fayafayensu ba, domin a cikinsa ana jin samari ne da ba su gama gano kansu ba, suna sanye da kwat a hoton bango, suna koyi da ƙungiyoyin baƙaƙen fatar Amurka, musamman The Impressions ta Curtis Mayfield, har ma suna sake rera waƙoƙin Turawa da ke tashe a rediyo. Duk da haka, a nan aka aza harsashin haɗin muryar da ya bambanta su da sauran, kuma a nan "One Love" ta fara fitowa, shekaru fiye da goma kafin duniya ta san ta a siffar da take da ita a yanzu.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne 1970 da 1971, lokacin da suka yi aiki da furodusa Lee Perry, wanda ake kira Scratch. A lokacin sun bar Dodd saboda abin da yake biyan su bai taka kara ya karya ba, Marley ya je Amurka wurin mahaifiyarsa a jihar Delaware a 1966 ya yi ƙwadago ya dawo, sun rungumi aƙidar Rasta, sun kafa ƙaramin kamfaninsu na fayafaye wanda bai kai su ko'ina ba. Perry ya haɗa su da makaɗan ƙungiyarsa ta The Upsetters, waɗanda jigoginsu 'yan'uwa biyu ne, Aston Barrett mai laƙabin Family Man a kan jitar bes, da ƙanensa Carlton Barrett a kan ganguna. Daga wannan haɗuwa aka samu kundaye biyu, Soul Rebels da Soul Revolution, da waƙoƙi irin su "Duppy Conqueror" da "Small Axe" da "Kaya" da "Sun Is Shining".

Abin da Perry ya yi shi ne ragewa. Ya kawar da yawancin bushe-bushen, ya turo bes da ganga gaba, ya bar jita tana saran kiɗa kawai ba tare da ƙawa ba, sannan ya bar sarari mai yawa wanda muryoyin uku suka cika. Muryar Tosh mai kauri ce da kaushi, ta Bunny siririya ce mai hawa sama, ta Marley kuma tana tsakani, tana ɗan karyewa a ƙarshen baiti. Idan suka haɗu a amshi, mai sauraro yana iya bin kowace murya ita kaɗai daga farko har ƙarshe, kuma yana jin cewa wanda ke amsawa a wannan waƙa shi ne zai ja ta gaba, kamar yadda Tosh ya ja "400 Years". Kayan ɗaukar sauti na wancan lokaci a Kingston ba su da yawa, kuma ana jin hakan a dusashewar wasu wurare, amma ƙarancin kayan ya tilasta wa kowa ya iya nasa tun kafin a kunna na'ura, domin babu damar gyara kowace murya ita kaɗai daga baya yadda ake yi a yau. Alaƙarsu da Perry ta ɓaci ne a kan kuɗi, bayan da ya sayar wa kamfanin Trojan na Ingila izinin fitar da waƙoƙin, amma sun tafi da 'yan'uwan Barrett, waɗanda suka zauna tare da Marley har ƙarshen rayuwarsa.

Masu son fayafayen farko suna da wata magana da suke yawan maimaitawa, cewa na farkon tsantsar kiɗan Jamaika ne, na baya kuma an gauraya shi domin kasuwar Turawa. Tarihin kundinsu Catch a Fire bai goyi bayan wannan rabo mai sauƙi ba. A 1972 Chris Blackwell, mai kamfanin Island, ya ba su fam 4,000 su koma Kingston su haɗa kundi, suka haɗa, Marley ya kai kaset ɗin Landan, a can kuma aka ɗora masa jitar wani Ba'amurke mai suna Wayne Perkins da kiɗan madannai na John Bundrick, da nufin jawo kunnen matasan da suka saba da kiɗan rok. Hatta bangon faifan da ya fito a Afrilun 1973 an ƙera shi ne da siffar ƙyastun Zippo mai buɗewa, don ya ja ido a kanti. Ke nan tun Tosh da Bunny suna cikin ƙungiyar aka fara yi wa kiɗan kwalliya domin baƙi, kuma dole a faɗi gaskiya cewa jitar Perkins a "Concrete Jungle" ta zauna daram. A 2001 kamfanin ya sake fitar da kundin tare da ɗaukar Kingston ta asali wadda ba a ɗora wa komai ba, kuma wanda ya saurari biyun a jere zai ga cewa ƙarfin waƙoƙin yana cikin rubutunsu da muryoyinsu tun kafin su tsallaka teku. Ni na fi son ta Kingston, amma ban ga laifin wanda ya zaɓi ta Landan ba.

Burnin', wanda ya biyo baya a Oktoban wannan shekara, shi ne kundin da nake ɗauka a matsayin ƙololuwar ƙungiyar. An rage kwalliyar, kiɗan ya koma kusa da yadda suke yin sa a gida, kuma rabon aiki ya fito fili: Bunny ne ya ja "Hallelujah Time" da "Pass It On", Tosh ya ja "One Foundation", sannan shi da Marley suka rubuta "Get Up, Stand Up" tare kuma suka raba baitocinta, inda baitin Tosh ya fi zafi da tsaurin ido. Halaye uku ne mabambanta a faifai guda, mai addu'a da mai faɗa da mai lallashi, kuma kowannensu yana hana ɗan'uwansa yin yawa. A nan ne kuma aka sake ɗaukar "Small Axe" da "Duppy Conqueror" na zamanin Perry, da "Put It On" wadda asalinta ke komawa Studio One.

Daga nan ƙungiyar ta watse. Bunny ya ƙi bin su rangadin Amurka a 1973, har sai da tsohon malaminsu Joe Higgs ya tsaya a gurbinsa, kuma zuwa 1974 shi da Tosh duk sun fita, suna ganin kamfanin ya fifita mutum ɗaya a kansu. Natty Dread na 1974 ya fito da sabon suna a bango, Bob Marley and the Wailers, kuma mata uku da ake kira I-Threes, wato Rita Marley da Marcia Griffiths da Judy Mowatt, suka karɓi amshi. Mawaƙa ne na gaske, Griffiths ma ta yi suna tun kafin ta shiga, amma aikin da aka ba su daban ne. Tsarin ya koma irin wanda Bahaushe ya sani a wurin makaɗan fada da na jama'a, inda mutum ɗaya ke jan waƙa, 'yan amshi kuma suna karɓa suna ƙawata abin da ya faɗa, ba tare da wani ya yi tsammanin ɗayansu zai karɓe jagoranci a waƙa ta gaba ba. Wannan tsari yana da kyaunsa, amma jayayyar da ke tsakanin muryoyi masu ƙarfi iri ɗaya ta tafi, kuma ba ta sake dawowa ba.

Fayafayen baya suna da abin da na farko ba su da shi, kuma rashin adalci ne a ɓoye hakan. Makaɗan sun goge saboda yawan rangadi, gangar Carlton Barrett ta kai matuƙar natsuwa, an samu masu jita irin su Al Anderson da Junior Marvin, sautin kuma ya fita tas. Exodus na 1977, wanda aka ɗauka a Landan bayan harbin da aka yi wa Marley a gidansa na Hope Road a ranar 3 ga Disamba 1976, kundi ne da aka tsara da hankali, fuskar faifan ta farko addini da siyasa, ta biyu soyayya da annashuwa, kuma mujallar Time ta zaɓe shi a 1999 a matsayin kundin da ya fi kowanne a ƙarni na 20. Haka nan zargin cewa Marley ya yi laushi da ya samu duniya yana rushewa a gaban Survival na 1979, mai tutocin ƙasashen Afirka a bango, wanda waƙarsa "Zimbabwe" ta kai shi filin wasa na Rufaro a bikin 'yancin kan ƙasar a Afrilun 1980. Abin lura shi ne masu tattara Legend ba su ɗauki ko waƙa ɗaya daga Survival ba, don haka wani ɓangare na laushin da ake jingina wa Marley zaɓin kamfani ne bayan ransa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce yawan komawar da Marley kansa ya riƙa yi ga tsohon rumbu. "Lively Up Yourself" da ta buɗe Natty Dread tsohuwar waƙa ce ta farkon shekarun 1970, "One Love" ta Exodus ta zamanin Dodd ce, kundin Kaya na 1978 kuma ya ɗauki sunansa daga waƙar zamanin Perry, ya sake ɗaukar "Sun Is Shining", ita kuma "Satisfy My Soul" gyararriyar tsohuwar waƙa ce mai suna "Don't Rock My Boat". Wannan ya ba mai sauraro damar gwada waƙa ɗaya a zamani biyu. "Sun Is Shining" ta Perry tana tafiya a hankali da nauyi, Tosh yana busa wata 'yar sarewa mai madannai da ake kira melodika, kuma duk da cewa kalmomin suna maganar hasken rana, kiɗan yana ɗauke da wata fargaba da ta sa mutum ya kasa sakin jiki da wannan haske. Ta 1978 ta fi tsafta, jita tana yawo a samanta, amshin mata ya tausasa ta, amma saɓanin da ke tsakanin kalma da kiɗa, wanda shi ne sirrin ta farkon, ya ragu ƙwarai.

Abin da aka rasa da watsewar ya ƙara bayyana a 1976 da 1977, lokacin da Bunny ya fitar da Blackheart Man, Tosh kuma ya fitar da Legalize It da Equal Rights. Fayafaye ne masu ƙarfi, kuma suna nuna cewa mutanen biyu sun tara waƙoƙin da ba su samu gurbi ba a ƙarƙashin tsarin da Island ke so. Sai dai kowane ɗaya daga cikin ukun, da ya tsaya shi kaɗai, ya karkata ga halinsa fiye da kima a wasu wurare: Tosh yakan yi wa'azi da tsawa har waƙa ta gaji, Bunny yakan nutse cikin tunani har kiɗa ya yi sanyi, Marley kuma a Kaya ya bar daɗin sauti ya rinjayi kaifin magana.

Matsalar mai neman waƙoƙin farko ita ce rikicin mallaka da ya biyo bayan saɓaninsu da Perry, wanda ya sa kamfanoni barkatai suka riƙa fitar da su a ƙarƙashin sunaye daban-daban, wasu da sauti marar kyau, yawancinsu kuma da hoton Marley shi kaɗai a bango alhali mutum uku ne ke waƙar. Wanda yake son farawa daga wuri mai kyau ya nemi African Herbsman, tarin da Trojan ya fitar a 1973, wanda ya ƙunshi yawancin Soul Revolution tare da "Small Axe" da "Trenchtown Rock" da "Lively Up Yourself" ta asali, sannan ya bi shi da Burnin' kafin ya koma ga Exodus.