Ta Tafi da Yaran, Ba Ta Tafi da Nauyinsu Ba

Ranar Juma'ar da ta wuce, ina zaune a ƙofar gida a Ƙofar Ƙaura, ɗan ƙanena ya zo gaishe ni, kwana goma bayan ya saki matarsa. Na tambaye shi abin da ya tsayar game da ciyar da yaransa biyu, sai ya ce, "Baba, ai ita ta zaɓi tafiya da su, sai ta ci da su." Gabana ya faɗi, domin da bakina na taɓa furta wannan magana.

Lokacin da na rabu da uwar 'ya'yana ta koma gidansu a Daura da yara uku, ƙaramin yana goye. Na sani sarai cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, amma ci da sha da sutura da magani suna wuyan uba. Na sha jin aya ta 233 a Suratul Baƙara a wurin tafsiri. Sani bai hana ni ba. Mahaifinta ya kai ni gaban alƙali, aka yanka mini abin da zan riƙa bayarwa duk wata, na biya wata uku na daina. Gaskiya ne a shekarar kasuwar hatsi ta juya mini baya, kuma danginta sun gaya mini maganganun da har yau suke mini ciwo. Amma a wannan shekarar ce na haɗa lefen amarya, akwati huɗu, ban ji talauci ba. Na riƙa aika shadda da atamfa da Sallah, ina lallashin zuciyata cewa na sauke nauyi, alhali yaro ba ya cin shadda.

Bayan shekara shida, na sauka a tashar mota a Daura, wata yarinya ta matso da faranti a ka, silifas ɗinta ɗaure da zare, ta ce, "Malam, a sayi gyaɗa." 'Yata ce ta tsakiya. Na gane ta da goshin uwata, ita ba ta gane ni ba. Na saye gyaɗar duka, na kasa gaya mata ko ni wane ne.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, 'ya'yana matasa da kuka rabu da matanku, amma biyu suka rage. Ku cire kuɗin yara ranar da kuɗi ya shigo hannunku, kafin cefanen gidanku, ko da tiya biyu ta gero ce, domin aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ba ta ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne saurayin yau yana da kuɗin sauya waya da sayen data, amma kuɗin makarantar ɗansa sai an yi masa bara. Sannan kada ku bari magana ta kai kotu, ku zauna da manya a sasanta. Ko da yake, idan kun san zuciyarku irin tawa ce, gara alƙali ya rubuta a takarda, kuma a sa wani babba ya riƙa bin sawunku.

Ɗan ƙanena ya ce zai yi tunani. Na auna masa gero daga rumbuna, na ce ya kai musu da kansa kafin magariba.