Tamina tana buɗe wa root, ta hana kowa: yau na kama ta

Alhamdu lillahi, 'yan'uwa, yau dai ta faɗa hannu. Wanga abu ya daɗe yana cin raina a kan tsohuwar ThinkPad ɗin da muke koyo da ita nan Mabera, mai Debian 12 da Xfce. Ka danna tamina, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, taga ta ɗan leƙo, ta jefo maka Permission denied (ba ka da izini), shi ke nan. Root kuwa, wato asusun mai cikakken iko a na'urar, lafiya lau take buɗe masa.

Na bi hanyoyin da kowa zai bi. Na kawar da .bashrc, na duba /etc/passwd, na ƙirƙiri sabon mai amfani da adduser, shi ma ta hana shi. Na cire xfce4-terminal na sake saukewa, har da wasu taminonin da ban da buƙatarsu. Datar dubu biyu ta tafi a banza, wannan kam ya yi mini ciwo.

Abin da ya fi rikita ni, matsalar tana warkewa da kanta. Batirin kwamfutar ya mutu, ana ɗauke wuta sai ta mutu tare da shi. In an kawo, ka kunna, tamina garau kamar ba ita ba. Sai can da yamma ta dawo. Har na fara zargin zafin Sakkwato ne ke taɓa faifan.

Ctrl+Alt+F3 ne ya fara haska mini. A can, wato baƙin allon rubutu zalla mai suna tty3, mai amfani da ba root ba yana shiga ba gardama, domin tty3 ba ruwanta da pty, tashar kwaikwayo da kowace tagar tamina ke buƙata kafin ta yi aiki. Daga nan na kira wata tamina mai suna xterm da DISPLAY=:0, ta ce “not enough ptys”. Kada wannan saƙo ya yaudare ku, ba ƙarewa suka yi ba. Da na bi ta da strace, mai nuna duk abin da manhaja ke nema daga tsarin, sai ga layin ƙarara: an nemi buɗe /dev/ptmx, ƙofar da ake samun sabuwar pty ta cikinta, amsa EACCES, wato ba izini.

To, ls -l /dev/ptmx ya kamata ya nuna crw-rw-rw- (kowa na iya karantawa da rubutawa), root da tty, lamba 5, 2. Nawa ya koma mahaɗi (symlink) mai nuni zuwa pts/ptmx. Shi kuma wancan c--------- ne, ba izini ga kowa, saboda an ɗora devpts, tsarin fayilolin da ke /dev/pts, da ptmxmode=000. Root ba ya jin wannan katanga, mu talakawa ne take tarewa.

Wa ya sauya shi? Wani sikirif (fayil mai jerin umarni) da aka turo a rukuninmu, na haɗa chroot (ƙaramin tsarin Debian keɓantacce a cikin babban) ta amfani da debootstrap, wanda muke gudanarwa bayan la'asar. Yana ɗaura /dev na gaske cikin chroot da mount --bind, sannan ya goge ptmx ya sa mahaɗi, ashe na uwar na'urar yake gogewa. Tunda /dev a ƙwaƙwalwar wucin gadi (RAM) yake zaune, duk sake kunnawa sai ya share ɓarnar. Ɗauke wuta ce ke ɓoye mini sawun ɓarawo!

Gyaran bai kai minti ɗaya ba: rm /dev/ptmx, sai mknod -m 666 /dev/ptmx c 5 2, sai chown root:tty. Na ga wasu suna sake ɗora /dev/pts da ptmxmode=666, yana aiki, amma ni ban so, rufe ciwo ne alhali sikirif ɗin na nan yana ɓarna. Na cire masa layin mahaɗin gaba ɗaya. Wanda ya kwafe shi daga rukuni, don Allah ya duba nasa kafin darasin Asabar.