"Yaya, wai wannan Indiya ce?"

Yau ƙanina ya same ni ina kallon 1999, fim ɗin Lenin M. Sivam, ya ja kujera ya zauna tunda ya ji ana yaren Tamil. Shi a zatonsa irin waɗanda ake fassara mana ne, jarumi ɗaya ya watsa ƙarti ashirin. Da tafiya ta yi tafiya sai ya juyo fuska a yamutse: "Yaya, wai wannan Indiya ce?" Na ce a'a, Toronto ce, Kanada. Yaran da ke daba a fim ɗin kuma 'ya'yan Tamilawan Siri Lanka ne da yaƙin basasa ya koro, yaƙin da aka faro a 1983 bai ƙare ba sai 2009, shekarar da fim ɗin ya fito. Ya yi shiru, can ya ce, "To su da suka tsira, me ya kai su daba?"

Wallahi tambayar nan ta tsaya min a rai, don ita ce fim ɗin kacokan. Shi kansa Sivam haifaffen Jaffna ne, birni a arewacin Siri Lanka, yana matashi ya isa Kanada, ya zama injiniyan manhajar kwamfuta, abinsa rufin asiri. Ba wanda ya aike shi, ya ɗauki kyamara ya haska abin da jama'arsa za su fi so a binne, ba tare da wani babban kamfani a bayansa ba. Na tabbata ya sha surutu a wajen dattawansu. Ni dai har yanzu ban samo wa ƙanina amsa ba.