Yadda Na Hana Motata Kashe Inji da Kanta a Danja

Yawancin sababbin motoci suna kashe inji da zarar ka taka burki ka tsaya cak, su tayar da shi idan ka ɗaga ƙafa. Ana samun rarar mai, ba musu. Amma a cunkoson da ake matsawa taku biyu a tsaya, inji sai ya yi ta mutuwa yana tashi, kuma a motoci da dama da ya mutu kwamfiresan na'urar sanyi ya tsaya, iska ta fara ɗumi. Dalilina na kashe tsarin ke nan.

Maɓallin yana kusa da giya ko a dashbod: harafin A ne da kibiya ta zagaye shi. Ka danna, fitilarsa ta kama, shi ke nan. Sai dai da ka kashe mota ka sake kunnawa, tsarin ya dawo. Ba lalacewa ba ce. Da shi a kunne aka yi wa motar gwajin hayaƙi da shan mai, don haka kamfani ya saita ta a haka.

Ni ƙaramar na'urar da ke tuna matsayin maɓallin na sa. Na kashe mota, na ɓanɓare murfin da maɓallin ke jiki da abin roba don kada ƙarfe ya karce shi, na danne haƙorin soket ɗin bayan maɓallin na zare, na cusa na'urar tsakaninsu. Sai da na ji ƙas a duka ɓangarorin kafin na mayar da murfi. Ko waya ɗaya ba a yanke ba, kuma ranar da za a sayar da mota a zare ta kawai. Soket ɗin ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira, har daga shekara zuwa shekara, saboda haka a ƙirga ƙafafunsa kafin a saya.

Wasu ta kwamfuta suke bi, ta soket ɗin OBD mai ƙafa 16 da ke ƙasan sitiyari. A wasu motocin Volkswagen ana ɗaga iyakar wutar batir daga wajen volt 7.6 zuwa 12, sai tsarin ya riƙa ganin batir bai kai ba. Yana aiki, amma a rubuta lambar asali tukuna.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne cire wayar sensar da ke kan batir ta ɓangaren baƙar waya, duk da wasu masu gyaran wutar mota na yi. Tsarin zai mutu, gaskiya ne, amma da sensar nan kwamfuta ke sanin cajin da ya rage. Babu ita, altaneta na caji ne a makance, ga lambar matsala da za ta shiga, wani lokaci har fitilar gargaɗi ta kama.

Kashe tsarin kuma ba ya nufin a koma batir na gama-gari. Da AGM ko EFB, batura masu jure yawan tayar da inji, motar ta zo, da irinsa za a maye, a motoci da yawa har sai an yi wa sabon rajista a kwamfuta. A da, idan batir ya fara rauni, tsarin ne ke fara ƙin aiki ya ankarar da kai. Yanzu babu wannan alamar, don haka nakan auna da mita bayan mota ta kwana: volt 12.6 lafiya lau, 12.2 kuwa caji ya sauka kusan rabi.