Wuƙar aljihu mai kulle da dokar Landan

Samarinmu na Agege da Mile 12 masu shirin fita waje, musamman mahauta da masu suya da kullum wuƙa tana aljihunsu, don Allah ku kula da wannan maganar. Wuƙar nan mai naɗewa, wadda in ka buɗe ta sai ta kulle kanta, ba ta rufuwa sai ka danna maɓalli, a Landan laifi ne ka fita titi da ita ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, komai ƙanƙantarta wallahi. Dokar Ingila ta 1988 ta yarda ka riƙe ƙaramar wuƙa mai naɗewa in kaifinta bai wuce inci 3 ba, amma mai kulle kotu ta ɗauke ta kamar wuƙar da ba ta naɗewa, kuma hukuncin zai iya kaiwa ɗaurin shekara 4.

A New York kuma dokar birni ta hana yawo da wuƙa mai inci 4 ko fiye, ko ƙarama ce ma kar a hango ta a jikinka.

Ni dai abin yana damuna gaskiya, don kullen nan shi ke hana wuƙa ta rufe a kan yatsan mai aiki, duk wanda ya taɓa fiɗar rago ya san haka. Amma doka ce, sana'a kuma tana cikin dalilan da Ingila ke karɓa, to ka sa ta cikin jakar kayan aiki in za ka wurin aiki, in za ka fita yawo kuwa ka bar ta a gida.